Wasiƙa ga Masu Kula da Sabar da Rumbunan Bayanai

'Yan'uwana abokan sana'a,

Da ku nake, masu riƙe da makullin ɗan ɗakin nan mai sanyi a banki, ko asibiti, ko kamfanin rarraba kaya, ku da ba a tunawa da ku sai ranar da kwamfutar akanta ta ƙi buɗewa. Yaushe rabonku da ku ɗauko kwafin ko-ta-kwana, bakof ɗin nan da kuke cewa yana tafiya kowane dare, ku maido shi a kan wata na'ura dabam, ku buɗe, ku ga cinikin jiya yana nan daram? Ban tambayi yaushe kuka ga koriyar alama a allo ba. Alamar tana shaida cewa manhaja ta gama abin da aka sa ta, ba ta ce abin da ta ajiye zai tashi ba.

Ranar 31 ga Janairun 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab, cikin dare kuma a gajiye, ya goge babban rumbun bayanansu yana zaton a kan sabar ta biyu yake. Kusan gigabait 300 suka tafi kafin ya farga. Wannan kowa na iya yi. Abin da ya biyo baya shi ne abin dubawa: hanyoyi biyar suke da su na ajiye kwafi, amma da aka zo nema babu wadda ta yi aiki yadda aka zata. Wadda aka fi dogara da ita ta daɗe da tsayawa, saboda manhajar kwafin tsohon zubi ce, rumbun kuma sabon zubi. Tana ta aika saƙon cewa ta gaza, amma sabar imel tana watsar da saƙon, ba wanda ya gani. Wani kwafi da aka ɗauka da hannu awa shida kafin goge-gogen ne ya cece su, aikin awa shidan kuwa ya salwanta. Saboda haka ku saita rahoton bakof ya riƙa zuwa kullum, ko an yi nasara ko ba a yi ba, kuma a san wanda aikinsa ne ya karanta. Ranar da rahoto bai zo ba, a tashi a bincika.

Akwai abubuwan da muke ɗauka a matsayin kwafi alhali ba shi ba ne. RAID yana kare ku daga mutuwar faifai ɗaya ko biyu, iyakarsa ke nan. In wani ya goge fayil, a kan dukkan fayafayen zai goge lokaci guda. Kuma ga masu RAID 5: fayafayen da aka saya rana ɗaya tare suke tsufa, sa'ad da kuka sa sabo ana sake gini, a lokacin ne sauran ke shan wahalar karatu mafi tsanani, na biyu kan faɗi a nan, komai ya bi shi. Sinafshot na VM shi ma haka ne, a kan rumbu ɗaya yake zaune da uwar faifan, kuma ba ya tashi in babu ita. VMware da kansu sun ce kada a bar shi ya wuce awa 72. Amma sau nawa muke tarar da wanda aka ɗauka bara kafin wata sabuntawa, aka manta da shi, yana ta kumbura har rumbu ya cika, sabobin da ke ciki duka suka tsaya cak ranar Litinin da safe?

Wanda ya fi yaudara shi ne sabobin da ke kwafar juna kai tsaye. A ƙarshen Yunin 2017 ƙwayar cutar NotPetya, wadda ta ɓullo ta wata manhajar haraji ta ƙasar Yukren, ta shiga kamfanin jiragen ruwa na Maersk. Suna da sabobi wajen 150 masu riƙe da sunayen ma'aikata da izinin shiga, warwatse a duniya, kowace tana kwafar 'yar'uwarta. An ɗauka in ɗaya ta mutu sauran za su tsaya mata. Ba a yi tunanin za su mutu tare ba, kuma tare suka mutu. Guda ɗaya ta tsira, a wani ofishinsu a nan Afirka ta Yamma, don kawai an ɗauke wuta kafin harin, ta yanke daga sauran. A jirgin sama aka kai kwafinta Ingila. Shugaban kamfanin ya bayyana daga baya cewa sun sake girka sabar 4,000 da kwamfuta 45,000 cikin kwana goma, asarar kuma ta kai dala miliyan 250 zuwa 300. Mukan yi dariya mu ce ashe ɗauke wuta ma yana da ranarsa. To, abin da ɗauke wutar ya yi bisa tsautsayi, shi ya kamata mu yi da gangan: kwafi ɗaya da ba ya haɗe da komai. Tef na LTO ne, ko faifai da ake cirewa a kai wani gini, ko rumbun haya na intanet da aka kulle yadda ko mai babban izini ba zai iya gogewa ba sai wa'adi ya cika. Masu garkuwa da bayanai na yanzu sabar bakof suke fara nema kafin su kulle komai. In kalmar sirrin da ke buɗe sauran sabobinku ita ce ke buɗe ta, kun sauƙaƙa musu aiki.

Tsohuwar ƙa'idar nan ta kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri, tana nan da ƙarfinta. Sai dai "wani wuri" yana nufin wani wuri da gaske. A Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga gine-ginen OVHcloud a Strasbourg ta Faransa, waɗanda kwafinsu ke cikin ginin nan suka rasa uwa da 'ya.

Faci kuma kada a yi masa sanyin jiki. Harin ESXiArgs na Fabrairun 2023 ya kulle dubban sabobin ESXi da aka bari a buɗe ga intanet ba tare da sabuntawa ba. Sabar da ke ɗauke da VM ashirin, in ta faɗi, ashirin ɗin ne suka faɗi. Na san da yawanku suna ƙaura zuwa Proxmox tun da Broadcom ya sayi VMware a 2023 ya canza tsarin lasisi. Ba laifi, amma kafin ku tashi ku tabbata tsofaffin kwafinku za su maidu a sabon gidan.

Ranar da abu ya lalace, ku fara da janye hannu daga allo. Yawancin asarar da ba ta gyaruwa a awa ta farko ake yin ta, lokacin da oga ke tsaye a kai, waya na ta ƙara. Ku karanta rajistar na'ura, ku tambayi me aka canza jiya. Kada a sake kunna sabar da fayafayenta ke ƙorafi don a ga ko za ta gyaru, kada a cire faifai sai an tabbatar da lambarsa, kada a yi gyara a kan kwafi ɗaya tilo da ya rage, a fara kwafarsa tukuna. In mutum ya kwana biyu bai runtsa ba, a samu na biyu ya duba umarnin kafin a danna.

A wurarenmu akwai ƙari. Batirin UPS yana mutuwa shiru, zafi kuma yana gaggauta masa, sai ranar da aka ɗauke wuta janareta bai kama da wuri ba a gane. Ku gwada shi da kaya a kansa, ku saita shi ya kashe sabobi cikin tsari in ya kusa ƙarewa. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, a duba ta. Sannan ku yi lissafin layinku: terabait 2 a kan layi mai megabit 20 zai ci sama da kwana 9 kafin ya sauko, in ma layin bai yanke ba. Wanda kwafinsa ɗaya tak ne kuma yana can ƙetare, ya san da wannan tun yau.

Ku zauna da masu kamfani ku yi musu tambaya biyu da harshen da suke ji: aikin awa nawa za ku iya jure rasawa, kuma awa nawa za ku iya zama a rufe? Amsarsu ita ce za ta faɗi kuɗin da za a kashe, ku sa su rubuta ta su sa hannu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Daga nan ku tsayar da rana, ko sau ɗaya a wata uku, ku maido sabar guda cikakkiya a keɓe, ku auna lokacin da ta ci, ku kira akanta ya buɗe ya duba da idonsa. A ba ƙaramin ma'aikaci ya yi gwajin yana bin rubutaccen bayani, inda ya tsaya nan bayanin yake da giɓi. Bayanin nan, da jerin wace sabar ce ke fara tashi, da makullin buɗe kwafin da aka rufe da lambar sirri, a buga su a takarda a sa cikin sef, kuma mutum biyu su san inda suke.

Allah ya taimaka. Wassalam,

Ɗan'uwanku a sana'a