Amana Ita Ce Jarin Mai Hoto

Da wuya a yi wani taro a ƙasar nan, na ɗaurin aure ne ko na suna ko na yaye ɗalibai, a rasa wani mutum da kyamara rataye a wuya yana kai da komo, ya durƙusa nan, ya hau benci can. Kowa kan gyara tsayuwa idan ya ɗaga hannu, amma da an watse ba mai tunawa da shi sai ranar karɓar hoto. Wannan shi ne mai hoto mai zaman kansa, wato wanda ba ya ƙarƙashin wata jarida ko ma'aikata, ba ya jiran albashi a ƙarshen wata, abin da kyamararsa ta samo shi ne cefanen gidansa. Da yawa daga cikin masu wannan sana'a a garuruwa irin su Kaduna da Jos da Zariya da Kano Kiristoci ne, kuma a kansu wannan maƙala za ta yi magana. Ra'ayina shi ne, a wurin aiki ake gane bangaskiyar irin wannan mutum, domin kuwa sana'arsa tun daga tushe har ƙarshe riƙon amana ce.

Sana'ar hoto ba baƙuwa ba ce a Nijeriya. A shekarar 1839 aka bayyana wa duniya dabarar ɗaukar hoto a Faransa, kuma kafin ƙarshen wannan ƙarni an sami Jonathan Adagogo Green, mutumin Bonny, yana ɗaukar hotunan sarakuna da 'yan kasuwa a yankin Neja Dalta. A 1942 Solomon Osagie Alonge ya buɗe shagonsa a birnin Benin, inda ya zama mai ɗaukar hoton fadar Oba. Shi kuwa J. D. Okhai Ojeikere, wanda ya rasu a 2014, ya fara ne da wata 'yar kyamara da ya saya a 1950, ya bar wa duniya hotunan kitson matan Nijeriya kusan dubu. A Arewa, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, 'yan kudu da suka zauna a unguwannin Sabon Gari su ne suka fi buɗe shagunan hoto, daga hannunsu kuma 'yan ƙasa suka koya.

Rayuwar mai hoto tana bin kalandar bukukuwa ne kamar yadda ta manomi ke bin ruwan sama. Watan Disamba shi ne kakarsa, lokacin Kirsimeti da aurarraki, haka ma ranakun Sallah da lokacin yaye ɗalibai. Idan azumin Ramadan ya kama, ko azumin kwana 40 da ke gabatar Ista, lokacin da wasu majami'u ke jinkirta ɗaurin aure, sai kasuwa ta kwanta. A ranar aiki yakan fita tun da sassafe don ya riski amarya tana shiri, ya wuni a tsaye, ya dawo da dare ya zauna gaban kwamfuta yana zaɓe da gyara, idan an ɗauke wuta ya tayar da janareta da kuɗin aljihunsa. Wasu ma ba a gayyace su ba suke zuwa. Su ɗauki baƙi suna shiga, su ruga a wanke, su dawo su shimfiɗa hotunan a ƙofar ɗakin taro kafin a tashi, wanda ya ga nasa ya saya, abin da ya rage ya zama asara. Ga shi kuma kayan aikin duk daga waje ake shigo da su, darajar Naira na faɗuwa, farashinsu na hawa.

Zamani ma ya rage masa kasuwa. A da fim ɗaya hoto 36 yake ɗauka, kuma sai mai sana'a ne ya san yadda za a wanke shi. Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, ba a daɗe ba aka fara sa mata kyamara, har ta kai kamfanin Kodak, wanda sunansa ya zama tamkar sunan hoto, ya nemi kariyar kotu saboda karayar arziki a 2012. Ɗan fasfo da ke ciyar da ƙananan shaguna shi ma ya ja baya, tun da hukumomi da yawa a ofishinsu suke ɗaukar hoton mai neman rajista. Tambayar ita ce, idan kowa na da kyamara a aljihu, me ya rage da mai hoto zai sayar? Ƙwarewa tana nan, ba shakka. Amma abin da ya fi sa a kira wannan a bar wancan shi ne yarda.

Kafin a je ga wannan, ya kamata mai karatu ya san matsayin hoto a addinin Kirista. A sura ta 20 ta Littafin Fitowa an hana yin siffar wani abu domin a yi masa sujada, kuma fahimtar wannan hani ta taɓa raba kan Kiristocin daular Rumawa ta Gabas daga wajen shekarar 726 zuwa 843, inda wasu suka riƙa farfasa zane-zanen cikin majami'u. A yau mafi yawan majami'u sun tafi a kan cewa bautar siffa aka hana, don haka hoton iyali ko na biki ba laifi ba ne. Abin da ya fi nauyi a kan mai hoto shi ne koyarwar sura ta farko ta Littafin Farawa, cewa an halicci mutum cikin kamannin Allah. Duk wanda ya gaskata haka, to fuskar da ke gaban kyamararsa, ta attajiri ce ko ta almajiri, ta Kirista ce ko ta Musulmi, tana da martabar da ba shi da ikon taɓawa.

Amana ta farko ita ce ta kuɗi da alkawari. Al'ada ce a ba mai hoto kafin alƙalami, wani lokaci rabin kuɗin aiki, makonni kafin biki. A nan ne shaiɗan kan shiga. Sai mutum ya karɓi aiki biyu a rana ɗaya, ya je ɗaya, ya tura yaron da bai gama koyo ba zuwa ɗayan. Ko ya cinye kuɗin albam, amarya ta yi ta sintiri har ta haihu ba ta ga hotunan aurenta ba. Tela zai iya sake ɗinki, kafinta ya sake kujera, amma ɗaurin aure ba a maimaita shi. Littafin Karin Magana ya yi tir da ma'aunin algus, kuma a ganina takarda mai arha da aka buga hoto a kanta bayan an karɓi kuɗin mai tsada, wadda za ta koɗe cikin shekara biyu, mudu ne mai ramin gindi.

Ta biyu ita ce amanar sirri. Mai hoto yana shiga inda baƙo ba ya shiga: ɗakin da ake yi wa amarya kwalliya, wurin kamu, cikin gidan da ake zaman makoki. Kirista mai hoto da aka kira bikin Musulmi an ba shi yarda iri biyu, ta sana'a da ta maƙwabtaka. Wajibi ne ya san inda zai tsaya, ya nemi izini kafin ya ɗauki matar wani, ya sauke kyamara idan aka tayar da salla. Bayan biki kuma hotunan suna nan a kwamfutarsa. Ɗora hoton 'yar mutane a Facebook ko Instagram don tallar aiki ba tare da yardarta ba na iya jawo rigimar da za ta girgiza aure. Tun 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan jama'a, amma mai tsoron Allah bai kamata ya jira doka ba.

Ta uku ita ce amanar gaskiya, kuma ita ce mafi haɗari. Gyaran haske da share ƙurji ba wani abu ba ne, amma manhajojin yau, balle ƙirƙirarriyar basira, suna iya sa mutum a wurin da bai taɓa zuwa ba. Mu da muka ga rikicin Kaduna na 2000 da na Jos na 2001 mun san abin da jita-jita kan haifar, to ina ga jita-jitar da ke tafe da hoto? A 2018 wani bincike na BBC ya nuna cewa daga cikin hotunan da aka yaɗa a Facebook lokacin rikicin jihar Filato na watan Yunin shekarar, akwai wanda ba a Nijeriya ma aka ɗauke shi ba. Hana shaidar zur yana cikin Dokoki Goma, hoto kuwa shaida ne. Mai hoton da ya ɗauki gawarwakin ɓangarensa ya kau da kai daga na ɗaya ɓangaren, ko ya sayar da tsohon hoto da sabon bayani, ya yi shaidar zur ko da bai buɗe baki ba.

Ta huɗu ita ce amanar tausayi. A watan Maris na 1993 Kevin Carter, ɗan Afirka ta Kudu, ya ɗauki hoton wani yaro da yunwa ta galabaitar a kudancin Sudan, ga ungulu a bayansa. Hoton ya girgiza duniya, ya kuma jawo masa lambar yabo ta Pulitzer a 1994, amma masu karatu suka yi ta tambayar abin da ya faru da yaron. Ba na cikin masu ganin laifin ɗaukar irin wannan hoto, domin da shi ne na nesa ke sanin halin da ake ciki. Sai dai wanda ya tashi da jin misalin Basamariye nagari, wanda ya tsaya ya ɗaure raunin mutumin da 'yan fashi suka yasar a hanya, ya san akwai lokacin da za a rataye kyamara a miƙa hannu. A wurin haɗarin mota, idan ba kowa sai kai, ceto ne farko.

Wani zai ce wannan duk wa'azi ne, kasuwa kuwa ba ta san wa'azi ba, mai iyali ba zai ƙi aiki biyu a rana ɗaya ba alhali wata biyu ya yi yana zaune. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba daidai ba ne mai albashi ya raina uzurin wanda ba shi da shi. To amma a duba yadda aiki ke zuwa wa mai hoto. Ba allon talla ke kawo shi ba, ƙawar amarya ce da ta ga albam, da dattijon da aka mayar wa canjinsa. Masu iya magana sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne, a sana'ar da ta dogara da bakin mutane kuwa ya fi ƙurewa. Haka ma batun ranar Lahadi. Wasu kan ƙi aiki a ranar ɗungum, wasu su halarci sujadar safe sannan su fita. Kowanne ya zaɓa, abin nema shi ne ya faɗa wa mai biki tun farko, kada ya karɓi kuɗi sannan ya fake da ibada.

Majami'u ma suna da nasu alhakin, kuma a nan nake ganin ana tauye masu hoto. Sau da yawa idan za a yi taron zumuntar mata ko baftisma ko bikin godiya, sai a kira ɗan ikilisiya mai kyamara ya wuni yana aiki, a sallame shi da cewa aikin Ubangiji ne, alhali an biya mai rumfa da mai kujeru da mai lasifika. Idan shi ya ga dama ya ba da aikinsa a matsayin baiko, wannan tsakaninsa da Mahaliccinsa ne, amma kada kunya ta tilasta shi. Littafin Firistoci ya hana a kwana da ladan ɗan ƙwadago, Manzo Bulus kuma, wanda ya ci abinci da ɗinkin tanti, ya koyar cewa ma'aikaci ya cancanci hakkinsa. Ikilisiyar da ke son ɗanta ya yi gaskiya a kasuwa, ita ya kamata ta fara biyansa.

Sana'ar ba ta hana ibada, ibada ma ba ta hana shahara. TY Bello ta Legas ta yi suna a waƙoƙin bishara, ta kuma zama mai ɗaukar hoton Shugaba Goodluck Jonathan. A 2016 tana ɗaukar wani mawaƙi a titi sai wata mai tallar burodi ta gifta cikin hoton. Maimakon ta share ta, sai ta sa aka nemo ta, ta ɗauke ta da kyau, har hotonta ya fito a bangon mujalla. Ba kowa zai sami irin wannan dama ba, amma kowane mai hoto yana da ikon ya ga mutum a inda wasu ke ganin cikas.

A ƙarshe, ina kira ga matasan da ke shiga wannan sana'a, Kiristoci da Musulmi baki ɗaya, su rubuta yarjejeniya kafin su karɓi kuɗi, su ajiye hotunan mutane a wuri biyu don gudun ɓacewa, su nemi izini kafin su wallafa, su kuma ƙi duk aikin da zai sa hoto ya yi ƙarya. Mu kuma masu kiran su mu biya a kan lokaci, mu ba su wurin zama da abinci kamar sauran baƙi. Hoton da aka ɗauka yau, jikoki ne za su buɗe shi bayan shekara 50 su ga fuskar kakar da ba su riska ba, kuma ko za su same shi ko ba za su same shi ba, ya danganta ne da irin mutumin da aka damƙa wa aikin.

Tambayoyi

1. Kawo amanoni huɗu da marubucin ya ce suna wuyan mai hoto, ka yi bayanin biyu daga ciki.
2. Wace hujja ce marubucin ya kawo ta masu saɓa masa, kuma yaya ya amsa ta?
3. Me ake nufi da "kafin alƙalami" da "mudu mai ramin gindi" kamar yadda aka yi amfani da su a nan?
4. Zaɓi wata sana'a a garinku, ka rubuta ra'ayinka a kan amanar da ke cikinta.