A Ɓoye Dodo Tukuna

Bahaushe ya ce gani ya kori ji. Ni kuwa a ganina, in ana zancen fim ɗin ban tsoro, ji ne ya kori gani. Ina so mu duba wannan magana, tun da yanzu a nan Lolo kusan kowa yana kallon fim, ko a waya ko a gidan kallo.

Tun da aka fara fim ɗin Hausa na bidiyo a Kano da Turmin Danya a 1990, an yi finafinan aljanu da mayu da dama. Amma da yawansu kuskure ɗaya suke yi. Ana buɗe fim sai ga aljani an shafe masa fuska da farar ƙasa, ya ƙyalƙyale da dariya, ya ɓace, ya sake ɓullowa. Maimakon a firgita, sai yara su kwashe da dariya. Dalili kuwa shi ne an nuna mana shi tun zuciyarmu ba ta fara ɗar-ɗar ba.

Kakanninmu masu tatsuniya ba su yin haka. Tsohuwa ba ta fara da Dodo. Takan fara da yarinyar da aka hana zuwa rafi bayan faɗuwar rana, ta ƙi ji, ta ɗauki tulu. Mu mun san abin da ke can, ita ba ta sani ba. Kowane taku ta yi, sai mu ƙara matsawa jikin juna.

Wannan dabarar ce Alfred Hitchcock, wani gwanin silima mutumin Ingila, ya bayyana da misalin bam. Mutum biyu suna hira, sai bam ya fashe a ƙarƙashin teburinsu. Masu kallo za su razana na ɗan lokaci kaɗan, shi ke nan. Amma in an fara nuna mana bam ɗin da agogonsa yana tafiya, sa'an nan mutanen suka zauna suna hirarsu, to, ba mai iya zama daidai a kujera sai an gama. Watau jiran abu ya fi abin kansa tayar da hankali.

Haka ya faru a Amurka a fim ɗin Jaws na 1975, wanda Steven Spielberg ya shirya a kan wani ƙaton kifi mai cin mutane. Kifin na inji ne, ya yi ta lalacewa a ruwan teku, tilas aka rage nuna shi. A farkon fim ɗin wata yarinya tana iyo da dare. Ana ɗaukar hotonta daga ƙarƙashin ruwa, ga wani kiɗa mai sauti biyu yana ƙara sauri. Sai kawai aka fizge ta ƙasa. Ba wanda ya ga kifin, amma mutane da yawa suka riƙa tsoron shiga teku.

To, mu da ke bakin kogin Kwara, me muka rasa? A ce masunci ne shi kaɗai cikin kwale-kwale bayan magariba. An nuna mana matarsa tana hura wuta a gida, don mu damu da shi. Kwaɗi suna ta kuka. Ba zato sai suka yi tsit. Ruwa ya motsa a bayansa, shi bai waiga ba. Dorina ce, ko kada, ko wani abu dabam? Kada a gaya mana tukuna. Wannan bai ci kuɗi ba, sai tunani.

Wani zai ce ai masu kallo dodon suke son gani. Gaskiya ne, za a nuna shi, amma a ƙarshe, bayan an sha jira. Har wa yau, fim ɗin da ya dogara ga shiru da jira ba ya bukatar zubar da jini da yanke-yanke, abin da iyayenmu suke ƙyama, kuma suna da gaskiya.

Saboda haka ina kira ga 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo da duk mai sha'awar shirya fim a cikinmu, ya koma wurin tsofaffi ya saurari yadda suke jan labari. Allah ya sa mu dace, amin.