SHARHI: Gubar Da Ba Ta Da Wari A Cikin Tsohon Ƙarfe

Duk wanda ya san unguwar Tsohuwar Maiduguri ya san 'yan gwangwan da sikelinsu. Ana sayen tsohon ƙarfe da nauyinsa, a tara shi, a yi wa manyan motoci lodi, su bi ta Damaturu da Potiskum zuwa Kano, ko su zarce masana'antun narka ƙarfe na jihohin Legas da Ogun. A duk tsawon wannan tafiya nauyi kawai ake aunawa. Ra'ayinmu shi ne lokaci ya yi da za a riƙa auna abu na biyu, wato tiririn nukiliya, domin ɗan ƙaramin gwangwani guda yana iya cinye ran mai saye, ya kuma cinye jarin masana'anta.

Idan aka ambaci haɗarin nukiliya, hankalin jama'a yakan tafi ne ga Carnobil ta 1986 ko Fukushima ta 2011. To amma Nijeriya ba ta da tashar lantarki ta nukiliya. Tukunyar nukiliya guda ɗaya da muke da ita tana Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Ta fara aiki a 2004, ƙarfinta kimanin kilowat 30 ne, kuma ta bincike ce. A 2018 an cire mata yuraniyom mai ƙarfi aka mayar da shi ƙasar Sin, aka sa mata wanda ba ya yin makami. Wannan tukunya tana da masu gadi da masu lissafi. Abin tsoro shi ne sinadarin da ya rabu da mai shi.

Irin waɗannan sinadarai, kamar su siziyom 137 da kobalt 60 da amerisiyom, ana rufe su ne a cikin ƙaramin kwanso na ƙarfe, a lulluɓe da darma. Asibitoci suna ƙona ciwon daji da su, kamfanonin mai suna zura su cikin rijiya don sanin irin dutsen da suka tarar, masu gina hanya kuwa suna auna danƙarewar ƙasa da su. Muddin suna cikin kwansonsu, bayi ne masu biyayya. Sai dai na'ura tana tsufa, kamfani yana karyewa, amma sinadarin bai san an daina aiki ba. Siziyom sai ya shekara 30 kafin rabin ƙarfinsa ya tafi. Ba ya wari, ba ya hayaƙi, ga shi kuma da nauyi, wanda shi ne abin da mai sikeli yake so.

Idan dai ba a manta ba, a watan Satumba na 1987, a birnin Goyaniya na ƙasar Barazil, wasu mutane biyu sun shiga wani asibitin da aka ƙaurace wa, suka ɓalle kan na'urar ƙona ciwon daji, suka sayar wa wani dillalin tsohon ƙarfe. Da dare ya ga garin da ke ciki yana wani haske shuɗi, sai ya kai gida, ya raba wa 'yan'uwa da abokai. Mutum 4 suka rasu: matarsa, da 'yar ɗan'uwansa mai shekara 6, da yaran aikinsa biyu. An gwada mutum kusan 112,000, aka sami 249 da gubar a jikinsu, aka rushe gidaje. Bugu da ƙari, masu saye a sauran sassan ƙasar suka guji amfanin gonar wannan jiha baki ɗaya, manoman da ba su ji ba su gani ba suka tafka hasara.

Haka kuma a 1998, wata masana'antar ƙarfe ta kamfanin Acerinox a kudancin Sifen ta narka kwanson siziyom cikin rashin sani. Ba a rasa rai ba, amma tsayar da aiki da share gubar sun lashe fiye da dala miliyan 20.

Kada wani ya ce wannan labarin nesa ne. A Arlit da Akokan na Jamhuriyar Nijar, inda aka shafe shekaru ana haƙar yuraniyom, masu bincike na ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa sun tarar a 2003 ana sayar da tsofaffin ƙarafa masu tiriri a kasuwa, irin waɗanda talakawa suke ƙera kayan gida da su. An rufe ma'adanin COMINAK a watan Maris na 2021, ƙarfe kuwa ba ya neman fasfo kafin ya ƙetare iyaka. A nan gida ma, a watan Disamba na 2002 kwanso biyu na aikin rijiyar mai mallakar kamfanin Halliburton sun ɓace a yankin Neja Dalta, daga baya aka gano su a Jamus cikin kayan tsohon ƙarfe. Abin lura a nan shi ne, sun fita daga ƙasarmu babu wanda ya ankara.

Jihar Borno tana da dalilai nata na kanta. An daɗe ana neman mai a yankin Tafkin Cadi, kuma a watan Mayu na 2023 aka ƙaddamar da haƙar rijiyar Wadi-B a ƙaramar hukumar Jere, wadda Tsohuwar Maiduguri take cikinta. Shekarun rikici sun sa an ƙaurace wa ma'aikatu da dama, ambaliyar madatsar ruwan Alau ta Satumban 2024 kuwa ta shiga gidaje da ofisoshi da asibitoci. Ba muna cewa an tsinci wani abu ba ne. Muna cewa rikici da ambaliya da gwanjon tsofaffin kaya su ne hanyoyin da kaya suke rabuwa da takardunsu. Da Gwamna Babagana Umara Zulum ya hana sana'ar jari-bola a watan Yuli na 2023, dalilinsa shi ne kashe matasa da ake yi a daji da kuma ɓarnata kayan gwamnati. Duk ranar da za a zauna tsara ƙa'idojin wannan sana'a, ya kamata a sa batun tiriri a ciki.

Wasu za su ce ribar ɗan gwangwan ba ta taka kara ta karya ba, ina zai sami kuɗin na'ura? Maganarsu tana kan hanya. Saboda haka nauyin ya hau kan masu ƙarfi. Kowace masana'antar narka ƙarfe ta kafa ma'aunin tiriri a bakin ƙofarta, ta yadda mota ba za ta shiga ba sai an gwada ta. Ƙungiyoyin dillalai, a Maiduguri da kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, su haɗa kuɗi su sayi ma'aunin hannu, a riƙa zagaya kowane lodi da shi. Bankuna da kamfanonin inshora su mai da wannan sharaɗi kafin su ba da rance ko su ɗauki lamuni.

Kazalika akwai aiki a gaban Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Nijeriya, wadda doka mai lamba 19 ta 1995 ta tanada, ta kuma fara aiki a 2001. Tilas ne ta fito da sanarwa cikin Hausa da Kanuri, mai ɗauke da hoton alamar haɗari, wato fukafukai uku kamar na fanka a kan launin rawaya. Mafi muhimmanci, wanda ya tsinci irin wannan kaya ya kai rahoto, kada a kama shi, kada kuma a ɗora masa kuɗin kwashewa, domin in ya san zai sha wahala, cikin kogin Ngadda zai jefa shi. Bayan abin da ya same ta, Sifen ta ƙulla yarjejeniya a 1999 tsakanin gwamnati da masana'antu da dillalai kan gwada kaya da kai rahoto.

Ga dillali kuwa, shawarar gajeruwa ce. In aka kawo maka ɗan ƙarfe wanda nauyinsa ya wuce girmansa, ko yake ɗauke da wannan alama, kada ka sa masa guduma ko wutar walda. Ka janye yaranka nesa, ka sanar da hukuma. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Na Goyaniya da na Arlit sun riga sun kama. Allah Ya kiyaye mu.