Bayan An Sauke Kaya: Ɗan Riƙon Da Ya Ƙetaro Iyaka

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu, wanda ya tashi maraya a hannun kakansa da baffansa, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwana, duk lokacin da aka yi mana wa'azi a kan maraya, maganar takan tsaya ne a bakin ƙofa: falalar ɗaukarsa, da busharar da ta inganta cewa mai renonsa zai kusanci Manzon Allah (SAW) a Aljanna kamar kusancin yatsu biyu. Wannan gaskiya ne. Sai dai ba kasafai ake shiga da mu cikin gidan ba, mu ga abin da ke biyo baya idan 'yan barka da zuwa sun watse, aka bar yaro da matar gida da 'ya'yanta.

A ƙauyukan da ke kewaye da madatsar ruwa ta Watari, cikin ƙaramar hukumar Bagwai, riƙo tsohuwar al'ada ce kamar a sauran ƙasar Kano. Shi kuwa zumunci bai san iyakar da Ingila da Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20 ba. Za ka tarar mutum yana da ƙanwa da ke aure a Magarya, ko ɗan'uwan da fatauci ya zaunar a Maraɗi. In aka yi rasuwa, ko aka shiga matsi irin yunwar da ta auka wa Nijar a 2005, sai a je a ɗauko yaro ɗaya ko biyu. Turawa suna yin irin wannan da lauyoyi da kotuna, har suna da yarjejeniyar da aka ƙulla a birnin Hague a 1993. Mu kuwa kuɗin mota ne zuwa Kwangwalam ko Jibiya, da fatiha a zaure.

Wannan sauƙin shi ne yake ruɗarmu. Muna ganin tunda yaren ɗaya ne, addinin ɗaya ne, tuwon ma kusan ɗaya ne, ai yaron bai yi ƙaura ba. Alhali ya yi. A ce yarinya ce 'yar shekara shida: ta rasa uwa, ta rasa ɗakin da ta saba kwana, sannan ta buɗe baki ta ce "tahi" yara suka kwashe da dariya. Ta kira makaranta "lakwal", ta kira malaminta "mushe" kamar yadda ake faɗa a can, sai ya zama abin tsokanarta har shekara. Daga nan sai ta yi shiru. Shirun nan kuma sai a fassara shi da miskilanci, ko a ce "ba ta da godiya". In ta koma fitsarin kwance, ko aka ga tana ɓoye gaya a ƙarƙashin tabarma, sai a ɗauko bulala, alhali tsoro ne da makoki suke magana ta hanyar da suka iya.

Kuma a nan dole in taɓa maza. Sau da yawa maigida ne yake yanke shawara a wajen zaman makoki, tausayi ya kama shi, jama'a suka sa masa albarka, ya taho da yaro bai shawarci kowa ba. Amma wanka da wanki da tashin dare na matar gida ne. Idan gidan mata biyu ne, sai a miƙa wa wadda ba ta haihu ba, kamar an ba ta magani, ba a tambaye ta ko tana so ba. Ladan da ake nema a hannun wani yake, to me ya hana a nemi yardarsa tun farko?

Sai batun suna, wanda shi ne zuciyar maganar. Musulunci ya haramta tabanni, wato mutum ya mayar da ɗan wani nasa, ya jingina shi ga kansa. Zaidu ɗan Harisa an sato shi ne yana yaro daga danginsa, aka sayar da shi, ya ƙare a gidan Nana Khadija, ita kuma ta ba da shi ga Manzon Allah (SAW). Da mahaifinsa da baffansa suka zo fansarsa, ya zaɓi zama. Shekaru ana kiransa Zaidu ɗan Muhammadu, har ayoyi na 4 da 5 na Suratul Ahzab suka sauka da umarnin a kira irin waɗannan yara da sunan ubanninsu. Abin lura shi ne, suna kaɗai aka mayar. Ƙauna ba ta ragu ba. Zaidu ne ya jagoranci rundunar Mu'uta a shekara ta 8 bayan hijira, ɗansa Usama kuma ya tashi abin so a gidan Annabi. Haka Salimu, wanda asalinsa mutumin Farisa ne, Abu Huzaifa ya rene shi, ya kuma aurar masa da 'yar ɗan'uwansa. Mu tambayi kanmu: gida nawa ne a yau zai ba ɗan riƙo 'yarsa ba tare da an yi ta ƙus-ƙus a kan asalinsa ba?

Mu kuwa mun raba hukuncin gida biyu, kowa ya ɗauki rabin da ya yi masa daɗi. Wasu don so sai su goge sunan uban. Wasu su bar masa sunan, amma su yi ta tuna masa da shi a bakin tukunya, shi ne ɗan aike, shi ne na talla, shi ne na ƙarshe a ɗinkin salla. Na farkon sun saɓa wa aya, na biyun sun saɓa wa sunna.

Kuma tabannin zamaninmu ba a dandali ake shelarsa ba, a kan takarda ake yinsa. Ranar da za a yi wa yaro takardar haihuwa, ko a sa shi firamare, ko a yi masa lambar NIN wadda hukumar JAMB ta wajabta tun 2021, sai mariƙi ya ga ya fi sauƙi ya rubuta sunansa a gurbin uba, don kada a ce yaron ɗan Nijar ne a wahalar da shi. Niyyar kyakkyawa ce, kuma wahalar ta gaske ce. Amma takarda ta fi mai ita tsawon rai. Wanda ke ganin gogewar suna ƙaramin abu ne ya tuna yaran Kano tara da 'yan sanda suka sanar da ceto su daga Anaca a watan Oktoba na 2019, an sauya musu sunaye, wasunsu Hausar ma ta ɓace musu. Ya kuma tuna yara 103 da wata ƙungiyar Faransawa ta yi yunƙurin fitarwa daga Abeche ta ƙasar Cadi a 2007 da sunan marayu ne, bincike ya nuna yawancinsu suna da iyaye a raye. Waɗancan zalunci ne, namu tausayi ne, ban haɗa su ba. Amma abin da yaron ya rasa a ƙarshe iri ɗaya ne: hanyar komawa ga danginsa. Ita kanta yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ta ambaci kafala ta shari'ar Musulunci da sunanta a sashe na 20, don haka ba mu da dalilin jin kunyar tsarinmu. Lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na 2023, gidajen da suka riƙe lambar wayar dangin yaro da sunan garinsu su ne zumuncinsu bai yanke ba.

Akwai kuma ranar da ba a so a yi tunaninta, ranar balaga. Yarinyar da ta tashi tana kiran mutum Baba, in ba 'yar ɗan'uwansa ko 'yar 'yar'uwarsa ba ce, ba muharramarsa ba ce, kuma ko da ita ce, 'ya'yansa maza suna iya aurenta. In jariri aka kawo, shari'a ta buɗe ƙofar shayarwa: a mazhabar Malikiyya nono kaɗan ko mai yawa yana haramta aure matuƙar a cikin shekara biyun farko ne, kuma ba a riga an yaye yaron ya wadatu da abinci ba. In kuwa ya wuce haka, to a fara koya masa ladabin shiga ɗaki da sutura tare da sauran yaran gida tun suna ƙanana, kada a wayi gari rana ɗaya a ce wa budurwa ta rufe kanta daga wanda take ɗauka yayanta. Gaskiyar da aka faɗa wa yaro yana ɗan shekara biyar labari ce. Wadda ya tsinta a bakin kishiyar uwa yana da sha biyar, wuƙa ce.

Daga ƙarshe, gona. A Watari ƙasa ta yi wa mutane kaɗan, fegin noman rani da ke shan ruwan madatsar nan kuwa kowa ya san darajarsa. Ɗan riƙo zai yi shekara goma sha biyar yana dashen shinkafa da ban ruwan tumatir, ran da mariƙinsa ya faɗi a kasa gado, ba shi da ko taki ɗaya, domin ba magaji ba ne. Hukuncin Allah ne, ba a ja da shi. Amma Allah bai ɗaure hannun mariƙi ba. Yana iya yi masa wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiyarsa ba. Yana iya ba shi kyauta yana da ransa da lafiyarsa, sai dai malamanmu sun shardanta a miƙa abin a hannu, yaron ko wakilinsa ya karɓa kafin ciwon ajali, in ba haka ba kyautar ta koma cikin gado. Aya ta 8 ta Suratun Nisa'i ma ta kwaɗaitar da magada su ba marayun da suka halarci rabo wani abu.

Sannan shi ma yaron yana da uba, uban kuma wataƙila ya bar gona ko awaki a can Magarya. Bin wannan haƙƙi yana wuyan mariƙi: ya je da shaidu, a nuna masa iyakar gonar, a rubuta a gaban mai gari, ya ajiye takardar har yaron ya yi hankalin karɓar abinsa.

Wallahu a'alamu.