Lambar da ta wuce ba ta dawowa

A wannan mako magatakardan wata ƙungiyar manoman albasa ta jahar Tawa ne ya rubuto mana cikin damuwa. Ya ce rajistar bashin takin zamani da yake riƙe da ita cikin kwamfuta ta yi tsalle daga lamba 214 zuwa 219. Shugabanninsa kuwa sun tsare shi da tambaya: ina mutum huɗu suka shiga, ina kuɗinsu? Saboda haka yana roƙon a koya masa yadda zai maida lambobin su jeru tun daga 1.

Malam magatakarda, kwantar da hankalinka. Tsarin da kake aiki da shi, wato Microsoft Access, wanda ya fito a 1992, yana da wani gurbi mai ba kowane sabon layi lamba da kansa. A na Faransanci sunansa NuméroAuto. Halinsa shi ne, lambar da ya bayar ba ya sake ba da ita. In ka goge layi, lambarsa ta tafi. Ko fara rubutu ka yi ka fasa, ita ma ta tafi. Ashe giɓi ba shaidar cin amana ba ne. Kuma lambobin ba su ƙarewa da wuri, don sun zarce miliyar 2.

Hanyar maida su baya akwai ta. In rajistar sabuwa ce, sunayen gwaji kaɗai ke ciki, sai ka goge su duka, ka ba da umurnin Compacter, mai matse kundin ya gyara shi. Sabon layi zai fara daga 1. In kuwa da sunayen gaske a ciki, sai an warware igiyar da ta haɗa wannan jadawali da sauran, a cire gurbin lambar, a ajiye, sannan a sake ƙirƙiro shi. Kowa zai samu sabuwar lamba a jere. Kafin ka taɓa komi, ka ajiye kofin kundin wuri dabam.

To, amma a nan gizo ke saƙa. Jadawalin biyan bashi bai san manomi da sunansa ba, da lambarsa ya san shi. Ranar da mai 219 ya koma 215, kuɗin da ya biya za su rataya ga wanda ya gaji lambarsa. Wanda ya biya ya wayi gari da bashi a wuya, wanda bai ba da ko dala ba ya fita fes. Wannan shi ne gyaran gangar Abzinawa.

Shawararmu ita ce ka bar lambar na'ura yadda take, domin alama ce ta gane mutum, ba ƙidaya ba. Ka buɗe wani gurbi na lambar rasit wanda kai ke cikawa, yana farawa daga 1 kowace shekara. Wanda aka yi kuskure cikinsa kada ka goge shi. Rubuta masa "an soke", kamar yadda ake barin gurɓataccen rasit manne cikin littafinsa. Sannan ka tara shugabanninka gaban kwamfutar, ka fara layi ka fasa, su ga tsallen da idanunsu. Gani ya kori ji.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.