Bechtel da yashin Port Môle

Kamfanin gine-gine na Bechtel ya samo asali ne a 1898, lokacin da Warren Bechtel ya fara karɓar ƙananan kwangiloli na share hanyar jirgin ƙasa a yankin Oklahoma na Amurka, da alfadarai suke jan kayan aikinsa. Har yau kamfanin yana hannun zuriyarsa, ba a sayar da hannun jarinsa a kasuwa. Brendan Bechtel, wanda ya karɓi ragamarsa a 2016, shi ne na biyar a jerin magadan gidan.

Sunan kamfanin ya fito fili ne da madatsar ruwa ta Hoover a kan kogin Colorado, wadda ya gina tare da wasu kamfanoni tsakanin 1931 da 1936, aka kuma gama ta kafin wa'adin da aka ɗiba. Daga 1976 ya shiga aikin gina birnin masana'antu na Jubail a Saudiyya, daga baya aka kira shi ya taimaka wajen kammala ramin jirgin ƙasa da ya ratsa ƙarƙashin teku tsakanin Ingila da Faransa, wanda aka buɗe a 1994. Abubuwan da kamfanin yake tinƙaho da su su ne kare lafiyar ma'aikata, ingancin aiki, riƙon amana da cika alkawari a kan lokaci. Tarihinsa kuwa yana da tabo. Ƙididdigar hukuma ta nuna ma'aikata 96 sun rasu a aikin Hoover, kuma a 2000 jama'ar Cochabamba ta ƙasar Bolibiya sun yi bore saboda tsadar kuɗin ruwa, har gwamnati ta soke kwangilar wani kamfani da Bechtel yake da hannu a ciki.

A 2010 gwamnatin Ali Bongo, wadda ta hau mulki shekara guda kafin nan, ta gayyaci Bechtel zuwa Gabon. Ba don ya kwaɓa siminti aka kira shi ba. Aikinsa shi ne ya taimaka a kafa hukumar manyan ayyuka ta ƙasa, wato ANGT, ya tsara taswirar hanyoyi da gidaje da tashoshin da ƙasar take buƙata, ya sa ido a kan 'yan kwangila, ya kuma horar da injiniyoyi 'yan ƙasa. Jarrabawar farko ita ce gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta Afirka ta 2012, wadda Gabon ta shirya tare da maƙwabciyarta Equatorial Guinea.

Wata jarrabawar kuma ita ce Port Môle, tsohuwar tashar jiragen ruwa a tsakiyar Libreville, babban birnin Gabon, a bakin mashigin kogin Komo. Tun da manyan jiragen dakon kaya suka koma Owendo a shekarun 1970, abin da ya rage mata shi ne jiragen fasinja masu zuwa Port-Gentil da ƙananan kwale-kwale masu tsallakawa Pointe Denis. A 2013 aka fara aikin sauya mata fuska: a cike wani yanki na teku da yashi, a kafa sabuwar unguwa ta otal-otal da ofisoshi da wurin shaƙatawa. Kamfanin China Harbour Engineering na ƙasar Sin ne ya yi aikin cikon. Sai farashin ɗanyen mai, wanda Gabon ta dogara a kansa, ya faɗi daga sama da dala 100 a tsakiyar 2014 zuwa ƙasa da 50 a farkon 2015. Aiki ya tsaya cak. Shekara da shekaru mai bin titin bakin teku yana ganin filin yashi a shimfiɗe, ciyawa tana tsirowa a kansa. Daga baya aka miƙa wurin ga kamfanin FMCT, wanda ke ƙarƙashin asusun zuba jari na gwamnati, aka raɗa wa aikin suna Baie des Rois, a kan fili mai kusan hekta 40.

Gini a kan ƙasar da aka ƙwato daga teku ba ya yafe sakaci. Yashin ciko yana ci gaba da zama a hankali, don haka sai an auna shi akai-akai, a kafa turaku masu zurfi har su taɓa ƙasa mai ƙarfi kafin a ɗora bene. Gishirin teku yana ratsa kankare ya kai ga rodi. Rodin ya yi tsatsa ya kumbura, kankaren ya tsage daga ciki alhali fentin waje yana nan fes. Ga ruwan saman Libreville, wanda ya kusa milimita 3,000 a shekara, yana neman magudanai masu faɗi da ake yashewa kullum. Duk wannan aiki ne na injiniyan da zai zauna da wurin shekara talatin yana riƙe da takardun awo, ba na baƙon da kwangilarsa za ta ƙare ba.

A nan ne ya kamata a auna Bechtel, da kowane kamfani irinsa. Faɗuwar farashin mai ba laifin injiniya ba ne, amma alkawarin horar da 'yan ƙasa nasa ne, kuma jama'a suna da haƙƙin sanin inda aka kwana. Hukumar da aka kafa a 2010 an haɗe ta da asusun gyaran hanyoyi a 2015, sannan aka rushe ta a 2020. Ina injiniyoyin da suka koyi aiki a cikinta? A hannun wa taswirori da sakamakon gwajin ƙasa suke? 'Yan Najeriya sun san wannan tambaya, don kamfanin Julius Berger ya shigo ƙasar tun 1965 da kwangilar gadar Eko a Legas, kuma har yau babban aiki idan ya taso, kamfanonin da suka samo asali daga waje ake fara nema.

Akwai kuma batun fifiko. Daga Port Môle ne jirgin Esther Miracle ya tashi a Maris na 2023 zuwa Port-Gentil, ya nutse da dare, mutane da dama suka rasu, iyalansu suka yi kwanaki a bakin tashar suna jiran labari. Talakan da ke shiga jirgi a wurin da buhunan kayansa ya fi buƙatar matsaya mai ƙwari, ma'aunin kaya da wurin jira mai rufi fiye da otal. Ya dace masu tsara Baie des Rois su sa tashar fasinja cikin ayyukan farko, su kuma bayyana wa jama'a kuɗin da aka ware duk shekara don kula da bangon da ke tare igiyar ruwa.