CINIKIN BIRI A SAMA

Tun kaka da kakanni Bahaushe ya ce ba a cinikin biri a sama. Sai biri ya sauko, an ɗaure shi, ka riƙe igiyarsa a hannunka, sannan ka zura hannu a aljihu. To jama'a, ashe akwai ranar da za ta zo attajiran duniya, masu digiri da lauyoyi da akawu, su yi layi suna rububin sayen biri yana can sama, kuma birin ma ba mai rai ba, na zane a kwamfuta. Wannan ciniki shi ake kira NFT, kuma a kansa nake son mu tattauna da kai mai karatu, domin ko da kasuwarsa ta mutu, masu irin wannan romon baka ba su mutu ba.

Ga yadda guguwar ta taso. Akwai wani Ba'amurke mai zane da kwamfuta, sunansa Mike Winkelmann, amma an fi saninsa da Beeple. Tun daga watan Mayu na 2007 ya ɗaukar wa kansa alkawarin kullum sai ya yi zane ɗaya ya saka a intanet, kowa ya kalla kyauta. Da zanen suka cika 5,000 sai ya harhaɗa su wuri guda suka zama hoto ɗaya. A ranar 11 ga Maris 2021 gidan gwanjon nan na Christie's, wanda ya haura shekara 250 yana sayar da kayan tarihi, ya buga ƙararrawa a kan wannan hoto a kan zunzurutun kuɗi har dala miliyan 69. Wanda ya saya wani ɗan asalin Indiya ne mazaunin Singafo, Vignesh Sundaresan, kuma da kuɗin intanet da ake kira Ether ya biya.

To tambayar da ya kamata kowane mai hankali ya yi ita ce, shin wai me aka ba shi a hannu? Ba allo ba ne da zai rataya a bango. Haƙƙin mallakar zanen kuwa yana nan wurin Beeple, bai sayar ba. Hoton kansa kuma ni da kai za mu iya nemo shi a intanet mu kalla, mu kwafa mu ajiye a waya, ba wanda zai ce mana don me. Abin da ya biya dala miliyan 69 a kansa shi ne wata lamba da aka rubuta a wani kundi, wadda ke cewa asusun wane shi ke riƙe da ita. Rasit ke nan, malam. Rasit aka saya.

Shi wannan kundi bulokcen ake ce masa. Ka ɗauke shi kamar littafin rajista wanda dubban kwamfutoci a faɗin duniya kowacce ke riƙe da kwafinsa, don haka da wuya wani ya goge layi ko ya sauya shi a ɓoye. Wannan fasaha ce ta gaske, ba na musu. Sai dai rubutu a cikin kundin yana da tsada ƙwarai, shi ya sa galibi ba a saka hoton a ciki. Abin da ake sakawa lamba ce da adireshin inda aka ajiye hoton a wata kwamfuta dabam. Idan masu wannan kwamfutar suka rufe shago, sai ka bi adireshi ka tarar da kango. Kuma an yi haka. Lokacin da kamfanin FTX ya durƙushe a watan Nuwamba na 2022, mutanen da suka sayi NFT ta hannunsa sun wayi gari suna latsa kayansu, hoto ya ce ɗauke ni inda ka ajiye ni. Rasit dai yana nan daram a kundi, ba a goge ko ɗigo ba. Wanda ya taɓa riƙe takardar fili, ya je wurin ya tarar babu filin, shi zai fi kowa gane wannan magana.

Kuma kundin nan ba ya tambayar gaskiya. Abin da aka rubuta masa shi yake riƙewa. Idan ɓarawo ne ya fara zuwa ya ce zanen nan nasa ne, haka kundi zai adana sunan asusunsa har abada, babu mai unguwa, babu shaidu, babu maƙwabcin da zai ce a'a, wannan gonar ta marayu ce.

Wani zai ce, to in dai rasit ne kawai, me ya sa mai hankali zai zuba irin waɗannan kuɗi? In ka ji gangami akwai labari. Shi wannan Sundaresan, wata uku kafin gwanjon, a Disamba 2020, ya riga ya sayi wasu zane 20 na Beeple a kan dala miliyan 2.2. Ya yanka su gunduwa-gunduwa zuwa hannun jari miliyan 10 da ya sa wa suna B20, ya riƙe fiye da rabi, ya fitar da wani kaso kasuwa. Da hayaniyar gwanjon ta cika duniya sai farashin B20 ya yi tashin gwauron zabo, bayan an watse kuma ya faɗo ƙasa warwas a kan waɗanda suka shigo a makare. Ni ban ce ya karya doka ba. Na dai ce mai kaya a rumbu ne ya taya irin kayansa da tsada a bainar jama'a, kuma duk wanda ya taɓa zama a kara ya san ma'anar wannan. Shi kuwa gogan naka Beeple, kuɗin na shiga hannunsa ya canza su zuwa dala, kuma ya fito fili ya ce farashin nan kumfa ne. Mai kaya da bakinsa ke nan fa!

Daga nan sai aka shiga hauka tuburan. Jack Dorsey, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Twitter, ya ɗauko saƙon farko da ya rubuta a shafin a 2006, wanda bai wuce kalma 5 ba, ya sayar da rasit ɗinsa a Maris 2021 a kan dala miliyan 2.9. Wani ɗan kasuwa mai suna Sina Estavi ya saya. A Afrilu 2022 ya mayar da shi kasuwa yana neman dala miliyan 48. Da wa'adin gwanjon ya cika, tayi mafi tsoka da aka yi masa wajen dala 280 ne. Ban ce dubu 280 ba, dala 280. Saƙon kuwa ko a lokacin yana nan a inda yake, kowa na karantawa a ɓagas.

Sai kuma su birai. A Afrilu 2021 wani kamfani mai suna Yuga Labs ya fito da hotunan birai 10,000 da ya kira Bored Ape Yacht Club. Kwamfuta ce ke harhaɗa su: wannan ta sa masa hula, wancan tabarau, wani taba a baki. Mawaƙa da 'yan wasa suka yi ta saye suna nunawa. A Janairu 2022 mawaƙin nan Justin Bieber ya sayi biri ɗaya a kan kimanin dala miliyan 1.3. Kafin tsakiyar 2023 irin wannan biri ya dawo wajen dala dubu 60. Shi dai yana da abin da zai share hawaye. Wanda nake tausayi shi ne ƙaramin ma'aikacin da ya ga manya sun shiga, ya kwashe ɗan abin da ya tara ya bi su. Ba kyan birin ya ja shi ba, kuma ba wanda ya taɓa tsayawa gaban birin nan ya yi shiru don ya taɓa masa zuciya. Kowa ya saya ne da fatan gobe wani zai zo ya saya a hannunsa da tsada, shi ma wancan da fatan wani. Ranar da aka rasa na gaba, wanda ke riƙe da igiya shi ke kwana ciki. Mu da muka ga yadda MMM ta ƙare da mutane a ƙasar nan a Disamba 2016 ba ma bukatar a yi mana dogon bayani.

Har da wata dabara da ta zama ruwan dare a kasuwar. Tunda mutum ɗaya na iya buɗe asusu goma ba tare da suna ba, sai ya sayar wa kansa da kansa, daga hannun dama zuwa na hagu, kullum yana ƙara farashi. Baƙo ya zo ya duba kundi ya ga ai kayan nan sai tashi suke, ya afka.

Yanzu bari mu zo kan hujjar da 'yan kasuwar suka fi taƙama da ita. Suka ce wai don masu zane aka yi. Suka ce mai zane da kwamfuta ya daɗe yana wahalar banza, tunda aikinsa kowa na kwafa, yanzu ga hanyar da zai ci guminsa ba tare da dillali ba, kuma duk lokacin da aka sake sayar da aikinsa za a yanka masa kasonsa. Maganar da daɗin ji. Kuma don Allah, akwai waɗanda suka amfana. Ga Osinachi, ɗan Nijeriya daga Aba, wanda da manhajar rubutu ta Microsoft Word yake zanensa, har Christie's ta sayar da aikinsa a Landan a Oktoba 2021. Wannan abin alfahari ne, kuma basirarsa ce ta kai shi.

Amma a duba ɗaya gefen. OpenSea, wadda ita ce babbar kasuwar NFT a wancan lokaci, ta faɗa da bakinta a Janairu 2022 cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na abin da ake ƙirƙira da hanyarta ta kyauta, ko dai sata ne, ko jabu, ko tarkace. Akwai wata baiwar Allah mai zane, Qing Han, wadda ciwon daji ya yi ajalinta a Fabrairu 2020. Shekara na zagayowa aka tarar wani marar tsoron Allah ya kwashi zanenta yana sayarwa a matsayin NFT da sunanta. Ko mamaci ba su ƙyale ba. Shi kuma kason da aka yi wa masu zane alkawari, ashe kundin ba ya tilasta shi, sai in kasuwa ta ga dama. Da ciniki ya ja baya, kasuwannin suka shiga gasar rage caji, a Agusta 2023 OpenSea ta ba da sanarwar daina tilasta biyansa. Dillalin da aka ce an kora kuwa, ya fita ta ƙofa ya dawo ta taga, yana karɓar la'adarsa a kowane ciniki, a ci riba ko a faɗi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ƙone-ƙonen. A Maris 2021 wasu suka sayi wani zanen Banksy na takarda a kan kimanin dala dubu 95, suka cinna masa wuta a gaban kyamara, suka sayar da rasit ɗinsa a kan kimanin dala dubu 380. Shi ma Damien Hirst na Ingila ya fito da zane 10,000 kasuwa a 2021, ya ce kowane mai saye ya zaɓa, ko takarda ko NFT. Aka zaɓi takarda 5,149, NFT kuma 4,851, shi kuwa a Oktoba 2022 ya fara ƙona takardun da aka zaɓi NFT a madadinsu. Haba jama'a! Wane irin son zane ne zai sa a ƙona zane don takardar shaidarsa ta yi daraja? Wa ya taɓa yanka doki don ya ƙara wa linzami kuɗi?

Kada wani ya fahimce ni a karkace, ya ce ai dama mutanen nan ba sa son ci gaba. Zane da kwamfuta sana'a ce mai daraja, kuma ta girmi NFT nesa ba kusa ba. Vera Molnár, 'yar asalin Hangari da ta zauna a Faransa, tun 1968 take zane da kwamfuta, ta yi ta yi har ta rasu a 2023 tana da shekara 99. A Japan akwai ƙungiyar teamLab, wadda a 2018 ta buɗe wani katafaren gida a Tokyo inda bango da ƙasa duk zane ne na haske mai motsi. Ka taɓa bango furanni su watse, ka tsaya ruwan haske ya kewaye ƙafarka, yaro ya zana kifi a takarda a saka a na'ura ya gan shi yana iyo a bango. Mutum miliyan 2.3 suka shiga a shekarar farko, kuma a 2024 sun buɗe irinsa a Jidda. A nan ka biya kuɗin ƙofa, ka shiga, ka gani da idonka, ka fito da abin ba da labari. Gani ya kori ji. Ba wanda ya ce maka gobe tikitinka zai ninka goma.

Laifin da 'yan NFT suka yi wa wannan sana'a babba ne. Sun sa duk wanda ya ji an ce zanen kwamfuta, abin da ke fara zuwa ransa shi ne caca da damfara. Yaron da ke da baiwar zane, maimakon a tambaye shi me ya zana, sai a tambaye shi nawa ta tashi.

Don haka ɗan'uwa, wannan guguwa ta lafa, amma wata na tafe da sabon suna da sabon Turanci. Ranar da aka zo maka da ita, kafin ka taɓa aljihu yi tambaya uku. Me za a danƙa mini a hannu? Wanda ya yi aikin da guminsa, ya sani, kuma nawa zai samu? In ban sami wanda zan sayar wa ba, zan so in ci gaba da riƙe abin nan don kansa? In aka fara yi maka kwana-kwana, to biri na sama, kama gabanka. In kuwa zane ne ya burge ka tsakani da Allah, nemi mai zanen, ka biya shi haƙƙinsa a hannu, ka sa ya yi maka naka.

Allah Ya raba mu da kwaɗayi, mabuɗin wahala. Amin.